Na sake kallon wasannin da, kuma bakina ya ragu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in amayar da wani abu da ya tsaya mini a rai tun bazarar da ta wuce.

Muna kwashe kayan ɗakin marigayi mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, sai muka ci karo da kwali ɗauke da kaset ɗin bidiyo guda 11. Wasu na saye ne, wasu kuwa shi da kansa ya naɗa daga talabijin, ya rubuta sunan shirin da biro a jikinsu. Samun na'urar da za ta kunna su shi ne jan aiki. Sai da na dangana da masu gyaran rediyo a tsohuwar kasuwa kafin na dace da wani dattijo mai guda ɗaya a ƙarƙashin teburinsa. Ya kakkaɓe mata ƙura, ya goge kanta da auduga, ya ba ni aro. Cikin 11 ɗin nan huɗu kaɗai suka yi. Sauran, wasu zaren ya manne da juna, wasu kuma hoton ya koma dishi-dishi kamar an watsa tsaki a faranti.

Ni dai ina cikin masu cewa wasan kwaikwayon da ya fi na yanzu. Na sha faɗar haka a majalisarmu ta bayan la'asar, har da buga ƙafa. To, na tara jikoki a tsakar gida muka kalla tare, kuma gaskiya ɗaya ce: ba duka ba ne.

Fim ɗin farko da muka sa na Hausa ne, irin na wajejen shekarar 2000, wanda a lokacinsa sai da muka yi layi a shagon haya. Murya na tafiya tana dawowa, iska na kaɗa makirfo. Labarin da za a gama cikin rabin awa an ja shi har kashi na biyu, don dai a sayar da kaset biyu. Da an fara magana mai ma'ana sai kiɗan fiyano ya tashi, saurayi da budurwa su shiga zagayen bishiya kamar yadda suka gani a fina-finan Indiya. Jikata ta juyo ta dube ni ta ce, "Kaka, wanga na abin da kuka yabo?" Ban sami abin ce mata ba. Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Akwai wuraren da aka gina dariyar kacokan a kan baƙauye, ko mai in'ina, ko miji na kai wa matarsa mari. Na tuna da kaina ina ƙyaƙyatawa a daidai wuraren nan shekaru ashirin da suka wuce, yau kuma ga ni ina satar kallon yara don kunya.

Ba zan yi wa masu fim ɗin rashin adalci ba. Sana'ar jaririya ce a lokacin, tunda Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin na farko a fina-finan bidiyo na Hausa, a 1990 ya fito a Kano. Da ɗan abin da ke hannunsu suka yi.

Amma da muka zo kan waɗanda Baba ya naɗa daga talabijin, sai labari ya sha bamban. Ɗaki ɗaya ne, kujeru biyu, tabarma da buta. Babu waƙa, babu mota mai tsada. Duk da haka yaran da suka saba da waya a hannu suka yi tsit. Samanja ya ba su dariya har da hawaye, alhali ba wanda ya taɓa shiga bariki a cikinsu. Dalili a fili yake. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ke fitowa a matsayin Samanja, soja ne na gaske, ya san yadda Hausar bariki ke cakuɗewa da Turanci, ya san yadda mai igiya uku ke kumbura a gaban kurtu ya kuma lanƙwashe a gaban hafsa. Bai ari wannan daga wata ƙasa ba, a gabansa ya gani. Haka su marigayi Kasimu Yero. Mutane ne da suka ɗauki magana a matsayin jarinsu, shi ya sa ko ka rufe ido kana bin wasan.

Kaset na ƙarshe shi ya hana ni barci. Wasa ne na tasharmu ta nan Sakkwato, ga duk wanda ya tashi a zamanin shirin Idon Matambayi ya san irin ɗanɗanon da nake nufi. Sakkwatanci ne tsantsa, ba a tace ba, ba a ji kunyarsa ba: yat tahi, mi kaka so, hwaɗa mai, ɗiyana. Dattijo na magana da karin da kakata ke yi, har da zaurancen tsofaffi da na manta akwai su. A fina-finan yau, in ka ji Basakkwace ya buɗe baki, galibi an kawo shi ne don a yi dariyar harshensa. A can kuwa alƙali da shi yake shari'a, malami da shi yake nasiha, mai neman aure da shi yake zance. Ga kuma abin da masu wasan ba su yi niyyar ajiye mana ba amma kyamara ta ɗauka: gidajen ƙasa masu zanko, kekuna jingine a ƙofar zaure, ɗinkin riguna na lokacin, titi fayau babu cunkoso. Har wani guntun talla da ya shigo tsakiyar shirin sai da muka maimaita shi sau uku.

Ga inda na dosa, ya Edita. Kaset ba littafi ba ne da zai jira mu. Zare ne mai maganaɗisu, zafi na narkar da abin da ya riƙe shi, ƙurar hunturu na kankare shi, laimar damina na sa masa fumfuna. Garin da zafinsa ke haura digiri 40 a watan Afrilu ba wurin ajiyar irin wannan ba ne. Na'urorin ma sun ƙare, domin kamfanin Funai na Japan, wanda ya rage yana ƙera su, ya daina tun 2016. Mutanen kuma suna tafiya: Rabilu Musa Ibro a 2014, Kasimu Yero a 2017, Samanja a 2023, Allah ya gafarta musu.

Kuma ceton mai yiwuwa ne. Fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, wanda aka yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓace. Aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, aka gyara shi da taimakon wata cibiya ta Jamus, har aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Namu bai kai wannan wahala ba. Na'ura mai aiki, ɗan abin haɗa ta da kwamfuta, sai mai haƙurin zama, tunda kaset ɗin awa ɗaya awa ɗaya yake ci kafin a juye shi.

Ina kira ga gidajen talabijin da rediyon jiharmu, da masana harshe na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, su haɗa kai su juye abin da ya rage. A ware ko awa ɗaya ce a mako a riƙa maimaita su yadda suke, da mai kyau da marar kyau, matasa su yanke hukunci da kansu. A kuma yi shela ga masu irin kwalina su kawo.

Nawa huɗun na juye su. Dattijon nan ya ce biyu daga cikin sauran za su iya tashi in an buɗe su an naɗe zaren da hannu, ya ce in koma ranar Asabar.

Wassalam.

Naku,
Mai karatu daga Runjin Sambo, Sakkwato.