Wasiƙa daga Umeya zuwa ga Baba

Assalamu alaikum Baba, tare da gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Inna da ƙannena duka.

Ka tambaye ni abin da nake dubawa dare da rana a madubin kimiyya a nan garin Umeya na ƙasar Suwidin, kuma ina so in amsa maka da kyau, domin maganar ta shafi audugar da kake nomawa.

Jikin kowace shuka tarin ƙwayoyin halitta ne, kowace da bangonta, amma Allah Ya bar ƙananan kafofi a jikin bangon, kamar ƙofar da maƙwabta suke hudawa a katanga domin miƙa wa juna wuta da gishiri. Ta nan sukari da saƙonni suke ratsawa. Wani masani, Eduard Tangl, shi ne ya fara bayyana su a 1879. Abin da ya ɗauki hankalina shi ne shukar ba ta barin su a buɗe kullum. Idan tana son tsuke kafa, sai ta tara wani sinadari mai suna kalos a bakinta, idan kuma buƙata ta wuce ta narkar da shi.

Kowane zaren auduga, Baba, ƙwayar halitta ɗaya ce tak da ta tsiro a bayan gurya. Wajen kwana 10 bayan fure sai kafofinta su toshe, sukari da sinadarin fotash su taru a ciki, ruwa ya biyo su, ƙarfinsa ya riƙa miƙar da zaren, har zuwa wajen kwana 16 da za su sake buɗewa. An gano cewa irin da ya fi daɗewa a toshe shi ya fi dogon zare, wanda masaka suke nema.

Itatuwan nan Suwidin ma haka suke yi: da rana ta fara gajarta sai su toshe kafofin tohonsu, ba su buɗewa sai sun sha dogon sanyi. Cututtukan bairos kuwa suna faɗaɗa kafofin ne su bi ta ciki, shi ya sa nake ganin aikin nan ya cancanci wahalarsa.

Don Allah a sa Sani ya ɗauko mini hoton gonar idan ta fara fure. A gaishe da Kawu, a kuma ci gaba da sa ni a addu'a.

Ɗanka mai biyayya.