Abincin rana ba nama, da ɓawon da muke zubarwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarku don in yi magana kan abincin da ake zuba wa ɗalibi ko ma'aikaci ya tafi da shi, yanzu da nama da ƙwai suka fi ƙarfin gidaje da yawa. A Turai akwai masu ƙaurace wa duk abin da ya fito daga jikin dabba, nama da madara da ƙwai har zuma, kuma a Ingila sun kafa ƙungiyarsu tun 1944. Mu ba aƙida ta kai mu ba, amma da ma rabin girkinmu haka yake: garau-garau, ɗanwake, dambu, kwaɗon zogale, awara. Abu biyu ne ke kashe masa kasuwa, rashin romo da kuma lalacewa kafin azahar.

Romon yana cikin abin da muke watsa wa awaki. Kan karas da ɓawonsa, gindin albasa, lawashin da ya fara yaushi, karan alayyafo, kan tumatir da cikin tattasai, duk a wanke su sosai tun kafin a fere, don yashi a gindi yake maƙalewa. A tara kamar kofi uku, a zuba ruwa lita ɗaya da rabi, a sa daddawa ƙwaya ɗaya, ɗan citta da tafarnuwa biyu. In ya tafasa a rage wuta, a bar shi minti talatin zuwa arba'in, sannan a tace. Kada a wuce haka da sunan neman ƙarin ɗanɗano, ɗaci kawai za a samu. Gishiri kuma sai wajen girki, domin ruwan yana ƙonewa, gishirin ya yi yawa.

Ba kowane ɓawo ke shiga ba. Kabeji in ya yi yawa sai romon ya ɗauki wari, ganye ɗaya ya isa. Busasshen ɓawon albasa yana ba da launi mai kyau, amma in ya wuce na albasa guda sai ya kawo bauri. Ɓawon rogo kada ya kusanci tukunya, akwai guba a cikinsa. Haka dankalin Turawan da ya yi kore ko ya fara tsiro, a yanke wurin a zubar, tafasa ba ta kashe dafinsa. Abin da ya yi funfuna kuwa na bola ne, ba a yi masa dabara.

Da wannan romo za a dafa shinkafa da wake, ko a yayyafa wa tsakin dambu kafin turare na biyu, ko a dama alale. A firji romon yana kwana uku. Inda wuta ba ta tsayawa, a yi amfani da shi ranar. Ko kuma a shanya guntayen a inuwa lokacin hunturu kamar yadda ake yi wa kuɓewa, a adana a kwalba mai murfi.

Masu yin awara a gida su daina zubar da dusar waken suya. A matse ta, a haɗa kofi biyu da fulawa kofi ɗaya, albasa, attaruhu da gishiri, a faɗaɗa ta siriri a soya a wuta matsakaiciya. Siririn yana da dalili: tun kafin a dafa madarar aka tace dusar, saboda haka ɗanya ce, in cikinta bai nuna ba tana ɓata ciki. Kuma a sarrafa ta nan take, ba ta jure zafi. 'Ya'yan kabewa ma a wanke, a shanya, a soya a kasko da ɗan gishiri, sun fi biskit amfani a jakar yaro.

Sai maganar zubawa, inda aka fi yin kuskure. Ƙwayoyin cuta sun fi yaɗuwa a abincin da ke tsakanin digiri 5 da 60, wato mai ɗumi-ɗumi, kuma a watan Afrilu garin Kano kan kai digiri 40. Dafaffiyar shinkafa ta fi haɗari, domin akwai ƙwayar da ke tsira daga dahuwa, ta saki dafin da ɗumame ba ya kashewa. Don haka a cika kula da tafasasshen ruwa, a rufe minti goma, a juye, sannan a zuba abincin yana tururi, a cika ta har baki. Kular da aka zuba rabi saurin hucewa take yi. In robar abinci ce kawai ake da ita, a zaɓi busasshen abu: awarar da ta soyu sosai, ƙosai, gurasa, dafaffen dankalin Hausa da yajin ƙuli. Alale da faten wake ba na roba ba ne a bazara.

Kwaɗo kada a haɗa shi daga gida. A matse zogalen ko ramar sosai a sa gefe, garin ƙuli a ƙulle daban, tumatir da albasa daban, a cakuɗa lokacin ci. In gishiri ya haɗu da tumatir tun safe, ruwa zai tsatso, kafin a tashi tara ya yi tsami.

A matsa ɗan lemon tsami a kan wake ko ganye, yana taimaka wa jiki ya zuƙi sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, shayi kuwa a jinkirta shi kamar awa ɗaya bayan cin abinci. Wanda ya bar nama da madara da ƙwai gaba ɗaya, ba na rana kaɗai ba, yana buƙatar ƙwayar bitamin B12 daga kantin magani, domin wake da ganye ba sa ba da shi. Mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara su fara ganin likita kafin su shiga irin wannan tsari.

Na gode.

Wata mai koyar da girki,
Kano