Kada Allon Suna Ya Ruɗe Mu Wajen Zaɓa wa Yara Makarantar Kirista

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana da 'yan'uwana iyaye Kiristoci masu neman inda za su sa yaransu a sabon zangon karatu.

Da yawanmu da zarar mun ga giciye a jikin allon suna, da ayar Littafi Mai Tsarki an rubuta ta da manyan baƙaƙe a bakin ƙofa, shi ke nan hankali ya kwanta, sai biyan kuɗi. Ni ma haka na yi da ɗana na fari. Makarantar kuwa ba daga baya ba wajen addu'ar safe. In ka ji yara sun ɗauki waƙar yabo sai tsigar jikinka ta tashi. Wata rana na je ba zato ba tsammani, na tarar an jera yara kusan goma a tsakiyar rana don iyayensu ba su gama biyan kuɗin makaranta ba, ana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya a gaban sa'o'insu. Wata 'yar ƙarama ta rufe fuska da jakarta. Bakin da ya ja addu'a da safen nan, shi ne yake kiran sunayen. Ban ce kada makaranta ta karɓi haƙƙinta ba, ai malamai ba iska suke sha ba. Amma wa ya ci bashin, yaron ko ubansa?

Tun daga ranar na canza tambayoyina. Ina tambaya ko ana biyan malamai albashi a kan lokaci, da shekara nawa malami yakan yi kafin ya gudu, domin inda ake sauya malamin lissafi kowane zango, ba karatun kirki. Ina tambaya yadda ake yi ranar jarrabawa: in malami ne da kansa ke rubuta amsa a allo don sunan makaranta ya fito, to an koya wa yaro sata, ko da ya haddace Dokoki Goma tsaf. Ina kuma tambayar koyarwar wace ɗarika ake bi, da yadda ake riƙe yaran da ba Kiristoci ba.

Masu cewa tarbiyya ta wadatar ko da karatu ya yi rauni, su tuna cewa a 1524, da Martin Luther, jagoran gyaran Ikilisiya, ya rubuta wa mahukuntan biranen Jamus yana neman su kafa makarantun Kirista, bai tsaya ga addini kaɗai ba. Ya nemi a koyar da harsuna da tarihi da kiɗa da lissafi, ga yara maza da mata. Zaɓin irin ilimin da za a ba yaranmu kuwa namu ne, har sashe na 26 na kundin haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya na 1948 ya ba iyaye fifiko a kansa. Sai dai Maimaitawar Shari'a 6:7 da iyaye take magana, cewa su koya wa 'ya'yansu maganar Allah a gida da kan hanya, da kwanciya da tashi. Ba ta ce mu miƙa wa hedimasta mu karkaɗe hannu ba.

Makarantar da ƙannen ɗana na fari suke yanzu ba ta da wani gini na a zo a gani. Na tambayi shugabarta: yaron da ya zo na ƙarshe a aji uku bara, ina yake? Ba ta buɗe wani littafi ba. Ta faɗi sunansa, ta ja ni zuwa taga, ta nuna mini shi a bencin gaba, malamarsa ta durƙusa kusa da shi tana bin layi da yatsa yana haɗa baƙi. Washegari na kawo takardun haihuwar yarana.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Taka mai karatu,
Wata uwar yara uku