Sanarwa: ziyarar Gidan Tarihi ranar Laraba

Assalamu alaikum ƴan uwa masu zane.

Laraba mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu haɗu ƙarfe 10 na safe a Gidan Tarihi, tsohon ginin Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Ba yawon buɗe ido za mu ba. Tunda muna shirin baje kolin zanenmu, jeren kaya za mu koyo.

Ku fara da haske. Ginin ƙasa ne mai kaurin bango, ciki da sanyi, to ku duba ta ina haske ke shigowa, kuma ko gilashi na maido wa mai kallo fuskarsa maimakon abin da ke ciki. Rana kai tsaye tana kashe kalar rini da fenti, shi ya sa ni dai ba na son zane kusa da taga.

Sai takardun bayani: tsayinsu daidai ido ne? Akwai Hausa? Yaro zai iya karantawa?

A zo da biro da littafi. Kada a ɗauki hoto sai an nemi izinin ma'aikata.