Gawon Damagaram da taurarin ɗan'adam

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina neman fili a wannan jarida mai albarka domin in yi magana a kan wani ra'ayi da ake yawan ji a majalisu a nan Damagaram, cewa binciken sararin samaniya almubazzaranci ne na ƙasashe masu ƙoshi, babu abin da ya haɗa shi da wanda ke jiran damina. Ban yarda da haka ba, kuma hujjata tana cikin gonakinmu.

Bayan farin 1973 da na 1984, duniya ta ɗauka cewa hamada ta gama cinye kudancin Nijar. Sai a farkon shekarun 2000 masana, cikinsu har da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka da Chris Reij ɗan ƙasar Holand, suka jera hotunan jirgin sama na 1975 kusa da sababbin hotunan tauraron ɗan'adam, suka ga itatuwa sun ninka a gonakin Mirya da Magarya da Matamai. Sun ƙiyasta cewa wajen hekta miliyan 5 ne suka farfaɗo a jihohin Maraɗi da Damagaram, da itatuwa kimanin miliyan 200. Ba dasa su aka yi ba. Manoma ne suka bar sare tsiron da ke fitowa daga kututture, suna zaɓen reshe biyu ko uku masu ƙarfi su yi musu aski su ƙyale su, wato abin da muke kira sassabin zamani.

A nan Damagaram mafi yawan itatuwan nan gawo ne, kuma duk manomi ya san halinsa: yana kakkaɓe ganye da damina lokacin da kowane icce ke yin ɗanye, sai ya yi kore shar da rani. Saboda haka ba ya hana hatsi rana, ganyensa ya zama taki, ƴaƴansa kuma su riƙe awaki da tumaki a watannin bazara. Wannan hali nasa ne ya sa yake fitowa sarai a hoton da aka ɗauka da rani, domin a lokacin gona ta zama fili, shi kaɗai ke tsaye da ganye. Kowane manomi ya san gonarsa da ta maƙwabcinsa, amma babu wanda zai iya ganin girman aikin gaba ɗaya daga ƙasa, sai da aka duba daga sama.

Taurarin ɗan'adam na Landsat masu ɗaukar hoton ƙasa, waɗanda aka fara harbawa a 1972, suna kewaya duniya daga nisan kilomita 700 da ɗoriya, kowanne yana komowa kan wuri guda bayan kwana 16, kuma tun 2008 hotunansu kyauta ne. Ɗanyen ganye yana mayar da wani haske da idon mutum ba ya gani, na'urar tauraron kuwa tana auna shi, da haka ake gane inda ciyawa ta fito da inda shuka ta ƙone. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974, da irin waɗannan bayanai take aiki wajen bin sawun damina da makiyaya a Sahel.

Abin da ke damuna shi ne yawancin rahotannin suna fitowa ne da Faransanci ko Ingilishi, alhali mutanen da aka auna gonakinsu da Hausa suke magana. Ina roƙon ku ware shafi, ko sau ɗaya ne a wata, ku nemi malaman jami'ar Damagaram da masana yanayi su fassara hasashen damina da taswirar makiyaya cikin Hausa mai sauƙi, yadda gidajen rediyon karkara za su iya karantawa kafin lokacin shuka.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga unguwar Birni, Damagaram