Rahoton Ayyukan Shekara: Bin Sawun Gilashin Dutse a Tekun Fasifik

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

Kamar yadda muka tsayar a babban taron bara, zaman karatunmu na wata-wata a bana ya ta'allaƙa ne kan obsidiyan, baƙin gilashin nan da dutse mai aman wuta ke fitarwa, da yadda masana kayan tarihi ke bin asalinsa don gano hanyoyin da mutanen Folinesiya, mazauna tsibiran tsakiya da gabashin Tekun Fasifik, da kakanninsu suka bi a teku.

Da na'urar XRF ta hannu muka fara, mai gano sinadaran da ke cikin abu ta hanyar hasken X-ray. Ana ɗora mata ɓallin gilashi da bai fi farce ba, ta auna sinadaran rubidiyam, sitironshiyam da zarkoniyam da ke cikinsa ba tare da an fasa shi ba. Kowane dutse da irin nasa haɗin, kamar yadda tsagar fuska ke faɗin garin mutum.

An fi tafka muhawara a zaman da muka yi kan gilashin Talasea da ke tsibirin Niyu Biritan a ƙasar Papuwa Niyu Gini. Kimanin shekaru 3,000 da suka wuce, zamanin mutanen Lapita, kakannin mutanen Folinesiya, gilashin wurin ya kai Fiji ta gabas, ya kai Bukit Tengkorak a jihar Sabah ta Malesiya ta yamma, tazarar kusan kilomita 6,500. Wasu mambobi suka ce hannu da hannu ya yi ta wucewa, ba jirgi ɗaya ya kai shi ba, kuma da gaskiyarsu.

Ni dai shaidar Niyu Zilan ce ta fi gamsar da ni cewa da sanin hanya aka yi tafiye-tafiyen, ba iska ce ta kora mutanen ba. Mutane sun isa ƙasar wajajen 1250 zuwa 1300, amma ga gilashin tsibirin Tuhua na Niyu Zilan an tono shi a Raoul, cikin tsibiran Kermadec, kusan kilomita 1,000 arewa maso gabas. Ke nan bayan sun sauka sun zauna, wasu sun sake ɗaukar kwale-kwale sun nufi inda suka fito. Wanda iska ta ɓatar ba ya yin wannan, sai wanda ya san hanya.

Hawai da Rapa Nui kam a gurguje muka ratsa su, wuraren samun gilashinsu, Pu'u Wa'awa'a da Maunga Orito, suna binmu bashin zama na musamman baɗi.

Kuɗin wata ya wadatar da hayar ɗaki da buga takardu, ma'aji zai karanto lissafin dalla-dalla. Waɗanda ba su kammala biya ba, a taimaka. Muna kuma neman wanda zai jagoranci zaman Tonga da Samoa, kan gilashin Tafahi da Tutuila. Mai sha'awa ya sanar da ni kafin babban taro.

Sakataren ƙungiya