Wasiƙa daga Mosko zuwa ga aminina

Aminina Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya iyali, ya jikin Hajiya? Mu nan sai godiya, sanyi dai ya fara shigowa.

Na ji ka tara yaran da za su zo karatun likita kana koya musu Rashanci kafin tafiya. Madalla. Da ka ce sun haddace haruffa 33 har suna karatu, sai na ce to, da sauran rina a kaba. Irinsu nake gani a ajin share fage da ake kira podfak. Yaro zai karanta shafi guda tsaf, amma mai shago ta tambaye shi ko yana son leda, sai ya tsaya yana zare ido.

Dalili kuwa, ba yadda ake rubuta Rashanci ake furta shi ba. Madara a takarda moloko ce, a baki kuwa malako, don duk “o” ɗin da nauyin murya bai sauka a kansa ba yakan koma kusan “a”. Sunan burodi, khleb, da “b” yake ƙarewa a rubuce, amma “p” kunne zai ji. Shi ya sa ni ba na taɓa allo sai sun saurari sabuwar kalma sau uku ko huɗu, littafi a rufe.

Kada ka ce sai sun gane komai. Kafin ka kunna sauti, ba su tambaya ɗaya tak: nawa ne kuɗin, ko ƙarfe nawa jirgi zai tashi? Sautin minti ɗaya ya isa. Ka dage kan lambobi, don 12 da 19 na rikita su ainun, haka 15 da 50. Nemo musu sanarwar jirgin ƙarƙashin ƙasa a YouTube, su riƙa tsintar sunan tasha ta gaba.

Wuri ɗaya ne Bahaushe ya yi sa'a: kunnensa ya saba da hawa da saukar murya. Sau da yawa tambaya da amsa kalmominsu ɗaya ne, Eto Anton? Eto Anton (wato “Wannan Anton ne?” da “Wannan Anton ne”). Murya ce kawai ke bambanta su. Masaniyar harshe Bryzgunova ta kasa hawa da saukar muryar Rashanci gida 7, amma ukun farko sun ishe ka yanzu. Inda namu ke tuntuɓe shi ne “p” da “f”, sai “v” da “b”, nan kam sai haƙuri da maimaici.

Idan yaran sun tashi zuwa, a ba su kilishi su taho mini da shi. Ka gaida mutanen gida.

Naka,
Bashir